Lemon Guci da na fere a tashar Dungas

Tun ranar da Inna, uwar ƙungiyarmu ta matan lambu, ta ce ni zan je Magariya a madadinta, abinci ya daina yi mini daɗi. Hanyar ba ta dame ni ba. Abin da ke cina a rai shi ne in tsaya gaban masu ilimi in ja wa garinmu Guci abin dariya. Ni aji huɗu na tsaya a lakwal, sauran abin da na iya a yaƙi da jahilci na tsince shi, ko wannan rubutun ma kwana biyu na yi ina gogewa ina sakewa. Inna ciwon gwiwa ya hana ta hawa moto, wato babur, sauran matan babu mai riƙe bik ta yi rubutu, kuma ni ce mai matse lemo ina ƙullawa a leda ranar kasuwa. Haka aikin ya faɗo kaina.

Saƙon da aka aiko mana shi ne wasu ɗaliban jami'a da malamarsu sun kawo wani inji Magariya, wai yana sa wa lemo wutar lantarki kafin a matse shi. Sun nemi duk ƙungiyar da ke da itatuwan lemo ta aiko da nata a gwada. Garuruwan da nasu ya yi kyau, da su furojen, wato shirin nasu, zai yi aiki, a riƙa sayen lemonsu. Mu kuwa mun gaji da ganin namu yana ruɓewa a gindin itace don dillali ba ya ɗaukar mai tabo. Mata suka kakkaɓo abin da dillalai suka bari, aka haɗa rabin buhu, sittin da 'yan kai. Da Inna za ta ɗaure bakin buhun ta dube ni ta ce, "'Yar nan, yadda na ba ki haka za ki miƙa." Na ce to. Ku riƙe wannan to ɗin nawa.

Mun tashi da asubar Alhamis, maigida yana tuƙi, buhu a gabansa kan tankin moto, ni a baya, yarinyata goye a bayana. Watanta goma, 'yar fari ce, don haka kada ku jira sunanta daga bakina. Sanyi yana ratsa zane biyu. Muka bi gefen kwari, dabino da rake suna tsaye baƙi ƙirin, har wasu sun riga sun fara ban ruwa. Da gari ya waye sai gonaki, an gama girbi, kara ne kawai a tsaye, an jibga harawa a kan rassan itatuwa don kada dabbobi su kai gare ta. Sau uku rairayi ya kama ƙafar moto na sauka na taka, maigida yana turawa yana yi wa injin magana kamar jaki. Wani dattijo ya wuce mu a kan jakinsa na gaske, ya yi mana sannu, bai ko ɓoye murmushinsa ba.

A wani ƙauye muka tsaya aka zuba mai na kwalba, na sayi koko da ƙosai na dala ashirin. Kokon gero ne tsantsa da tsamiya, ya yi daɗi, amma kurɓa uku na yi na miƙa wa maigida. Ina ta maimaita gaisuwar Faransanci a raina, ko za a buƙace ta.

Mun shiga Dungas hantsi bai yi ba. Maigida ya damƙa ni hannun ɗan kamasho, ya biya dala ɗari uku na kujera da 'yan kai na buhu, ya juya don albasarsa ba ta jira. Motar kuwa mutum huɗu ne a cikinta, kuma ba ta tashi sai ta cika har an rasa inda za a sa ƙafa. Ɗan kamasho ya ce yanzu-yanzu. Duk wanda ya taɓa zama a tasha ya san tsawon wannan yanzun.

A inuwar itacen bedi na haɗu da wakiliyar matan Dogo-Dogo, ita ma wurin injin za ta. Mace ce ƙaƙƙarfa, ta girme ni da kamar shekara ashirin, goro ya rina haƙoranta, ba ta da wata damuwa a duniya. Ta zauna daram a kan buhun lemonta. Ta karɓi yarinyar tana yi mata wasa, ni kuma na fara kiranta Yaya.

Gefenmu akwai mai sayar da lemo, irin wanda ake shigowa da shi daga tsallaken iyaka. Manya, ruwan ɗorawa, sumul, ya fere na sama ya jera su kamar dala a kan faranti. Na daɗe ina kallonsu. Sai na kwance bakin buhuna don in ga ko hanya ta farfasa su. Namu ƙanana ne, kore shar, fatarsu kaushi, ga tabo kamar wanda ya yi ƙazuwa, ga wani baƙi-baƙi kamar an shafa musu baƙin tukunya. Kullum ina ganinsu, amma ban taɓa ganinsu kusa da na wasu ba. Wani fasinja mai agogo ya leƙo ya ce, "Baiwar Allah, wannan lemo ne ko goruba?" Mutane suka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, ya ma manta ya ci gaba da danna wayarsa. Ni ce ban manta ba.

Kun san yadda aka rene mu. Ba a miƙa wa baƙo lemo da ɓawonsa. In babban mutum ya zo gida, a fere masa ake yi, a yanke kan, a ɗora a faranti mai tsabta. Uwata ta taɓa buge mini hannu a kan haka ina ƙarama. To ga manyan mutane masu karatu zan je gabansu, da sunan garinmu a rubuce, in zube musu wannan abu kamar wanda aka tsinto a bola? Na ce a raina Inna ta tsufa, ba ta san yadda birni yake ba. Wuƙata ta sana'a kuwa kullum tana cikin jakata.

Na shimfiɗa zanen goyona na biyu, wankakke, na fara.

Yaya ta kalle ni ta ce, "Ƙanwata, gidan biki za ki kai shi?"

Na ce, "Gyara shi nake yi, Yaya."

"An ce ki fere?"

"Ba a ce kada in fere ba."

Wannan ita ce ƙaryata ta farko a tafiyar, kuma na san ƙarya ce tun kafin ta gama fita.

Ta ce, "Nawa dai ko wanka ban yi masa ba. Wanda ya ce a kawo, shi ya san abin da zai yi da shi." Ta juya ta ci gaba da tauna goronta.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne daɗin da na ji. Na iya fira, ba yabon kai ba. Ina ɗora wuƙa daga sama sai ɓawon ya sauko zare ɗaya bai tsinke ba har ƙasa. Ƙamshi ya cika inuwar, man ɓawon yana fesowa yana sa ni hawaye, yatsuna suna raɗaɗi, ban tsaya ba. Mai agogon nan ma ya dawo ya ce ashe akwai kyau a ciki. Mai lemon tsallake ya ce in na rasa aiki in zo ya ɗauke ni. Awakin tasha kuwa suka kewaye ni, wata jar akuya mai karyayyen ƙaho ita ce shugabarsu. Duk zaren da na jefar kafin ya taɓa ƙasa ta cafe. Kafin mota ta cika na gama da su duka, farare tas, na ƙulle su a zanen kamar kayan lefe. Ɓawon ko ɗaya bai rage a ƙasa ba.

Hanyar Magariya ta fi tamu, amma ramuka sun isa. An cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, ga kaji a ƙarƙashin ƙafa, ga buhunan wake a sama har motar tana karkata. Ƙullin lemon yana kan cinyata, yarinyar a ƙirjina. Lemon da aka fere ba ya da juriya, duk ramin da muka faɗa sai in ji sanyin ruwa yana ratsa zane. Jandarma suka tsayar da mu sau ɗaya, suka duba katin maza, ɗayansu ya shaƙi iska ya ce wace ce ta zuba turaren lemo. A bakin hanya mata suna tallar dafaffiyar gyaɗa da rake, kowace tana faɗin kuɗi baki biyu, na sefa da na naira, ka zaɓi wanda ke aljihunka.

Mun sauka Magariya ana kiran azahar. Gari ne mai hayaniya, 'yan kabu-kabu kamar ƙudan zuma, shaguna cike da robobi da atamfa, 'yan canji zaune da damin kuɗi a hannu ko tsoro ba sa ji. Muka ci shinkafa da wake na dala sittin-sittin, man ya yi yawa, yajin ya yi kaɗan. Muka yi salla a gidan mai abincin, sannan moto ɗaya ya kwashe mu da kayanmu zuwa wurin taron.

Ɗaki ne babba a cikin wani gida mai katanga, injin ba da wuta yana ruri a waje. Mata kamar ashirin ne a kan tabarmi, kowace da buhunta ko kwandonta. Na zaci zan ga abu kamar injin niƙa. Ashe akwati ne na ƙarfe, bai kai ƙaramin firigo ba, wayoyi biyu masu kauri sun fito daga jikinsa zuwa wani kofi mai murfi, a cikin kofin akwai faifan ƙarfe biyu suna kallon juna. Malamar kuma yarinya ce, ba za ta girme ni da yawa ba, ta ɗora farar riga a kan hijabinta. Gaisuwar Faransancin da na yi ta haddacewa ba a nemi ko ɗaya ba. Hausa ta yi mana tsantsa, irin ta Damagaram.

Ga yadda na fahimci bayaninta, in na yi kuskure masu ilimi su gyara. Ta ce jikin lemo 'yan ɗakuna ne ƙanana kamar saƙar zuma, ido ba ya ganinsu, kowane a rufe da ruwansa a ciki. In ka matse da hannu wasu su fashe, da yawa su ƙi, shi ya sa tuƙar da muke zubarwa take da nauyi. In ka dafa, duk za su buɗe, amma zafi ya kashe ɗanɗano da amfanin. Shi wannan inji wuta yake aikawa mai ƙarfi ƙwarai amma gajeriya, ba ta kai ƙiftawar ido ba, sau da yawa a jere. Sai ta huhhuda bangon ɗakunan nan ba tare da ta dafa komai ba.

Ta raba yankakken lemo kashi biyu daidai. Kashi ɗaya ta zuba a kofin da ɗan ruwa, ta rufe, ta ce kowa ya matsa baya. Ni har bango na kai, na rufe kan yarinyar da mayafi. Sai muka ji tas-tas-tas-tas, kamar ana ƙwanƙwasa tasa da farce, shi ke nan. Babu hayaƙi, babu tartsatsi. Ta kashe, ta fito da shi ta ce mu taɓa. Da sanyinsa, sai dai ya yi laushi kamar wanda ya kwana. Aka matse kashi biyun a matsi ɗaya, a kofunan gilashi iri ɗaya. Wanda ya sha wuta ya ɗara ɗayan, kowa ya gani da idonsa, tuƙarsa kuma ta fito a bushe. Ni da nake wannan sana'a na san abin da wannan ɗarawar take nufi a ranar kasuwa.

Aka zagayo da ruwan a ɗanɗana. Da ya zo kaina na riƙe kofin na kasa sha. Na ce a hankali, "Malama, ina shayarwa. Wutar ba ta zama a ciki ta bi nono?" Wasu suka yi dariya, amma na ga mata biyu masu goyo sun miƙa wuya su ji amsa. Ta ce, "Maman yarinya, in kika yi tsalle kika tsallake rami, ramin yana bin ki gida? Wutar ta wuce, babu abin da ta bari." Ta karɓi kofin ta kurɓa ta mayar mini. Na sha. Lemo ne kamar kowane lemo. Har na fara jin zuciyata ta kwanta, na ce ashe abin bai kai yadda nake tsoro ba.

Sai ta goge hannu ta ce, "To, ruwan kun gani. Amma gaskiya ba shi ne babban abin da ya kawo mu ba. Ɓawon ne."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar lokacin da kika tuna kin bar tukunya a wuta kina tsakiyar kasuwa.

Ta ce a cikin ɓawon lemo akwai wani sinadari mai hana abu saurin lalacewa. Ta tambaye mu me ke faruwa da man gyaɗa in ya daɗe a bido, wato jarka, muka ce warinsa ya canja, ya riƙa maƙaƙi a wuya. Ta ce to irin wannan ɓacin yake jinkirtawa, kuma masu yin abinci da man shafawa suna nemansa. Fito da shi daga ɓawo yana da wuya, amma in wutar ta huda ɗakunan sai ya fito cikin sauƙi. Ta ce ƙarfinsa ya danganta da irin itacen da ƙasar da ya tsiro, shi ya sa suke son na kowane gari daban. Kuma tabo ba ya hana komai. Lemon da dillali ya ƙi, da ɓawon da muke zuba wa awaki, su ne abin da furojen zai saya.

Da ta ce awaki, Yaya ta juyo ta dube ni.

Aka fara kiran garuruwa. Kowace ta kai buhunta, ɗalibai su zaɓi wasu, su wanke, su fere da kansu, su auna ɓawon a ɗan sikeli, su sa a kofin wuta. Suna da wani ruwa mai launin furen tumfafiya a 'yan kwalabe. In aka ɗiga masa ruwan ɓawo sai launin ya koɗe, wanda ya fi koɗar da shi shi ya fi ƙarfi, su sa a wani ƙaramin ma'auni su rubuta a kaye, littafinsu na rubutu. Na Yaya da ko wanka ba a yi masa ba ya koɗar da shi sosai. Ni ina zaune ina addu'ar injin waje ya mutu.

"Guci."

Na tashi da ƙullina, na ajiye a kan tebur, na kwance. Suka bayyana farare, wasu sun lotsa, wasu sun fara bushewa sun yi yaushi, zanen ya jiƙe sharkaf. Sai wata daga baya ta ce, "Su Guci an zo da na amarya." Dariya ta tashi.

Malama ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya ta ce, "Wa ya yi wannan firar? Hannunsa ya iya. Ɓawon yana ina?"

Yaya ce ta amsa daga inda take, "Yana cikin awakin Dungas, Malama. In kina so mu koma mu tatso."

Malama ta ce za su gwada ruwan, kuma farin nan na ciki ma yana da nasa amfanin, amma ba za ta iya jera shi da na sauran ba tunda su nasu cikakke ne. Aka matse. Wani ɗalibi ya ɗanɗana ya ce zaƙin Guci ya fi na kowa a ranar. Wannan yabon bai shige ni ba, don ina kallon kayen. Gaban sunan garinmu, inda kowa yake da rubutu, an ja ɗan layi an bar wurin fili.

Da aka tashi sallar la'asar Yaya ta ja ni gefe. Ta ce, "Ƙanwata, share hawayen nan, kina tsorata 'yar mutane. Kasuwa tana nan kusa. Ki sayo goma masu kore, ki ce a ƙasan jaka kika manta da su. Lemo ba ya magana."

Zan so in ce muku na ƙi. Ban ƙi ba, na tafi. Na tsuguna gaban wani mai lemo ina tona tarinsa ina zaɓen mafi muni, masu tabo da kaushi. Ya ce tun da yake sana'a bai taɓa ganin mai zaɓe irina ba, har ya ƙara mini biyu. Na tambaye shi daga ina suke, ya ce shi ma a mota ya saya, Allah kaɗai ya sani.

Na dawo na samu Malama ita kaɗai tana goge kofin wuta. Na ajiye ledar a gabanta. Fuskarta ta washe, ta ce, "Ashe da saura. Alhamdu lillahi. Na Guci ne?" Ta riga ta ɗauki bik.

Na dubi kayen. Ƙarƙashin Guci sunan Inna ne a rubuce, ba nawa ba. In wannan lemon ya yi kyau, za su zo kwarinmu neman abin da ba namu ba ne, ranar da suka gane kuma Inna za a kira maƙaryaciya, tsohuwar da ko goron wani ba ta taɓa ɓoyewa ba. In kuma bai yi kyau ba, an kayar da itatuwanmu a kan laifin itacen da ba mu san inda yake ba. Da safe na ji kunyar lemonmu na tuɓe shi, yanzu kuma zan sa wani ya amsa sunansa.

Na ce, "A'a, Malama. Na kasuwa ne. Yanzu na sayo."

Ta ajiye bik ɗin. Ta daɗe tana kallona, ni ina kallon ƙafafuna. Sannan ta ce, "Da kin yi shiru da ban gane ba, kuma da aikinmu duka ya tafi da kuskure a ciki. Na gode." Ta buɗe kayen ta sa wata alama a gefen filin nan. Ta ce injin yana Magariya har ranar Laraba da safe, daga nan za su mayar da shi. In na kawo arba'in kafin lokacin, waɗanda suka fito daga ƙasar Guci, da ɓawonsu da tabonsu, za ta cike layin da hannunta.

Da na faɗa wa Yaya ta ce, "Na ba ki shawarar banza kin mayar mini da kayata. To kawo lemon mu sha, kada a yi asara biyu." Muka zauna a bakin katanga muka sha. Tsami ne da su kamar me.

Mun kwana gidan wata 'yar'uwarta, da safiyar Juma'a muka kamo hanya. A tashar Dungas jar akuyar nan mai karyayyen ƙaho tana nan. Ina sauka ta taho wurina kai tsaye tana shinshina jakata. Yaya ta ce, "Ga ƙawarki ta zo tarbar ki." A nan muka rabu, ta hau moton Dogo-Dogo tana ɗaga mini hannu, ta ce in gaida uwar ƙungiya in ce mata ta yi dacen 'ya, ko da yake 'yar tana da saurin wuƙa.

Maigida ya zo ɗaukata. A kan moto na faɗa masa komai, don a nan ba ya ganin fuskata. Ya ci gaba da tuƙi har muka wuce ƙauye biyu. Sannan ya ce, "Gida za mu fara ko wurin Inna?" Na ce wurin Inna.

Na same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa nesa da tabarma na faɗa mata tun daga mai agogo har ledar kasuwa, ban rage komai ba. Hannunta bai daina ɓara ba. Da na gama ta ce, "Awakin dai sun ƙoshi?"

Na ce sun ƙoshi, Inna.

Ta ce, "To wani ya amfana." Ta nuna itacen lemon da ke bayan ɗakinta da haɓa. "Wancan, ranar da na dasa shi uwarki ba ta fara ɗaura zane ba. Bai taɓa yin ɗa mai kyan gani ba, kuma ba a taɓa mayar mini da shi an ce babu zaƙi ba. Ke kika ga yana bukatar gyara." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na fi samun barci.

Na ce a sa wata ta koma ranar Talata, ni ban cancanta ba. Ta ce, "Wa ya san hanya in ba ke ba? Wa Malamar ta sani? Ke za ki koma. Wuƙar ce za ta zauna a nan." Ta miƙo hannu, na ciro ta daga jaka na ba ta, ta tura ƙarƙashin tabarma.

Na tafi ina tsoron rashin karatuna ne zai kunyata mu, amma a ɗakin nan babu wanda ya tambaye ni aji nawa na yi. Abin da ya kunyata mu shi ne na raina abin da aka ba ni in kai, na ɗauka sai na gyara shi zai isa gaban mutane. Na kuma ga injin da ke fito da amfani daga abin da muke zubarwa, ina fatan wata rana ya zama ba sai an je Magariya ba.

Yanzu ga inda muke. Itatuwan 'yan ƙungiya an riga an kakkaɓe su, wancan rabin buhun shi ne ƙarshe. Jiya maigida ya hau na Inna ya samo goma sha ɗaya a can ƙololuwa. Saura ashirin da tara.

Don haka ina roƙon duk wanda ke karanta wannan, in kana da itacen lemon zaƙi a kwarin Guci, a lambu ko a cikin gida, ko ka san mai shi, a taimaka mana da uku ko biyar. A kai gidan Inna kafin magaribar Litinin, ni zan ɗauka da asubar Talata. Don Allah kada a haɗa da na kasuwa, sai wanda ya fito daga ƙasarmu. Kada ku zaɓi masu kyau, ku kawo su da korensu da tabonsu yadda kuka tsinko. Kuma kada kowa ya fere.